Mataccen Kuɗi a Prag

Kwana huɗu a Prag, ƙafata ta haddace duwatsun titi,
kowane dutse da irin taurin kansa.
Taron da ya kawo ni ya watse tun Laraba,
saura ni da taswirar da ta yage a ninki
da kashedin Vojtech, mai masaukina:
“Wanda ya fi ka zumuɗin taimakon kanka, wuce shi.”

Na kuwa kiyaye.
A bakin gada wani ya durƙusa gabana,
ya ɗago zobe, wai na zinariya, wai ni na yar.
Na ware masa yatsu goma, babu mai shatin zobe.
Ya ja tsaki, ya mayar ƙasa don na bayana.
Can gaba mai kofi uku yana juya ƙwallon
da ba ya ƙarƙashin ko ɗaya,
masu cin cacar duk hancinsu irin nasa.
Na wuce ina yi wa kaina kirari.

Manyan gidajen tarihi na bar wa masu haƙurin layi.
Na bi lungu, na tarar da ɗakin lemomin ruwa
da aka manta a taragu, ɗari bakwai,
a tsuke kamar jemagu da rana.
Wani benen makullai ne zalla,
ƙofofinsu sun rushe tun kafin a haifi mai gadin,
amma kullum da safe sai ya goge su.

Gaba da gabanta.
Shi wannan bai durƙusa ba, bai ɗaga murya ba.
Kwat mai ruwan toka, tabarau, furfura a saje.
Shi ya ja ni gefe:
“Hattara da mai zobe, hattara da mai kofi,
sun zubar mana da mutuncin gari.”
Har na ji kunyar kunyarsa.
Da ya ce shagunan canji ma yanka suke,
ni da hannuna na zaro Yuro ɗari.
Ya ƙirgo sababbin takardu masu ƙara,
sifili na bin sifili.

Yarinyar gidan burodi ta juya takardar sau biyu,
ta ɗaga ta ga fitila,
ba ta yi dariya ba, wannan ya fi min ciwo.
Ta ce ƙasar da ta buga ta
ta riga kakanta rasuwa.
Ta zana min kwatance a bayan rasit,
ta ƙara min gutsuren burodi.

Matakala goma sha ɗaya zuwa ƙasa, warin tsohuwar takarda.
Bohumila na zaune da ulu a cinya,
kewaye da kuɗin da ba sa sayen ko ashana:
sarakuna, janar-janar, ’yan mata rungume da alkama,
duk a bayan gilashi, babu mai gaishe su.
Ba ta tambayi abin da ya faru ba.
Ta ce, “Mai kwat? Kai ne na uku a makon nan.”

Ta nuna min wani ƙunshi ɗaure da zare.
Na babanta ne, gumin shekara ashirin a katifa.
Wata safiya rediyo ya yi magana,
kafin azahar ya koma ciko.
“Shi hukuma ta yi masa,” in ji ta,
“kai ko mutum ɗaya. Ka yi arha.”

Kuɗin shiga ta karɓi takardata guda,
ita kaɗai ce a birnin mai karɓa.
Ta soke ta da allura a allo,
ta rubuta kwanan wata,
ta tambayi sunana, na faɗa mata harafi-harafi.

Yanzu ni ma ina cikin tarihin Prag,
jeri na huɗu, kusa da bututun ɗumama ɗaki.

A bakin ƙofa ta danƙa min kwabbai masu rai,
daidai tikitin tarago.
Ana yayyafi.
Na tuna lema ɗari bakwai,
na ɗora taswira a ka.